Kada a Goge Riga Tana Jikin Mutum

Akwai dutsen guga na lantarki da aka rubuta a takardarsa cewa kada a goge tufa tana jikin mutum. Akwai keken tura jarirai, irin mai naɗewa, da aka manna masa gargaɗi cewa a ciro yaron kafin a naɗe. Akwai maganin barci da kwalinsa ke jan kunnen mai sha cewa yana iya sa gyangyaɗi. A Ingila kuma an ga ƙunshin gyaɗa ɗauke da sanarwa cewa akwai gyaɗa a ciki. Ku karanta wa manomin gyaɗa a garin Babura wannan na ƙarshe ku ji amsarsa. Mai yiwuwa ya ce, “To da me suke zaton za a tarar, Malam? Wake?”

Duk waɗannan an gan su a jikin kaya, ba tatsuniya ba ce. Tun 1997 wata ƙungiya a jihar Michigan ta Amurka, ƙarƙashin wani mai suna Bob Dorigo Jones, ta riƙa shirya gasa shekara-shekara, jama'a su aiko da gargaɗin da ya fi ba su dariya, a zaɓi gwani a ba shi kyauta. Wata shekara burushin wanke masai ne ya ci, don an rubuta masa kada a wanke jiki da shi. Wata shekara injin wanki ne, wanda aka ce kada a saka mutum a ciki. An kuma yi wata ƙaramar tarakta mai gajeren gargaɗi: haɗari, a guji mutuwa. Madalla da wannan shawara, da ma ita muke nema.

Ruwa dai ba ya tsami banza. A dokar Amurka, wanda kaya ya yi wa lahani yana iya kai kamfani ƙara ta fuska uku: ko an yi kuskure wajen ƙera kayan, ko tsarin kayan ne tun asali ke da haɗari, ko kuma an san haɗarin ba a faɗa ba. Ta ukun nan ita ce uwar waɗannan rubuce-rubuce. Tawada ba ta da tsada, shari'a kuwa tana cin miliyoyi. Sai lauyan kamfani ya zauna ya yi tunanin duk wata wauta da ɗan Adam zai iya aikatawa da dutsen guga, ya sa a rubuta kada a yi. Ranar da wani ya makara zuwa ofis, ya ga kwalar rigarsa ta yamutse, ya ɗora guga a wuya, kamfani zai buɗe takarda a gaban alƙali ya nuna layin. Wato shi wannan gargaɗi, ko da yake a hannun mai saye yake, da alƙali yake magana.

Labarin da aka fi jingina al'adar da shi na wata dattijuwa ne, Stella Liebeck, mai shekara 79. Yadda ake ba da shi a teburin shayi shi ne, wai wata mata ta zuba wa kanta kofi, ta kai kamfanin McDonald's ƙara, ta zama miloniya. Abin da ya faru ya fi haka nauyi. A watan Fabrairun 1992, a garin Albuquerque, jikanta ya tsayar da mota don ta zuba madara da sukari. Ta matse kofin tsakanin gwiwoyinta, tana buɗe murfi ya kife mata a cinya. Zafin da kamfanin ke sayar da kofinsa a lokacin ya kai digiri 82 zuwa 88, dab da tafasa. Ta ƙone har cikin tsoka, ta kwana takwas a asibiti, aka yi mata dashen fata. Dala 20,000 ta nema don kuɗin magani, kamfanin ya ce zai ba ta 800. A kotu aka gano an kai wa kamfanin ƙorafin ƙuna sama da 700 cikin shekara goma. A 1994 masu taya alƙali yanke hukunci suka ɗora mata kashi 20 cikin 100 na laifin, suka ci kamfanin tarar dala miliyan 2.7, alƙali ya rage ta zuwa 480,000, daga baya aka sasanta a asirce. Abin lura, kofin nan yana da rubutun gargaɗi tun da fari, sai dai an ga ya yi ƙanƙanta, bai isa ba. Ya kamata kuma a sani cewa masu shirya gasar dariyar nan 'yan fafutukar rage yawan ƙararraki ne, don haka abin da zai ƙarfafa hujjarsu suke tsincewa.

Duk da haka suna da gaskiya a wuri ɗaya: gargaɗi idan ya yi yawa, ido yakan daina ganinsa. A 1986 mutanen Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da wata doka, mai lamba 65, da ta tilasta a sanar da jama'a idan kaya na ɗauke da sinadarin da ke iya jawo ciwon daji ko cutar da ɗan tayi. Jerin sinadaran ya kai wajen 900. Sai sanarwar ta bazu a kujeru, a wuraren ajiye motoci, a otal-otal, har a 2018 wani alƙali ya ce kofi ma sai an manna masa, kafin hukuma ta cire shi a 2019. Yanzu mutumin can yakan wuce ta gaban sanarwar ciwon daji bai ko ɗaga kai ba.

Kafin mu gama yi wa Turawa dariya, mu leƙa namu bangon. Wane ne zai zaci gida yana bukatar ya shaida wa masu wucewa cewa shi ba na sayarwa ba ne? Amma ga shi nan da jan fenti a Kano da garuruwan da ke kewaye da ita, kuma duk wanda ya ji labarin fili ɗaya da aka sayar wa mutum uku ya san dalili. Ga “An hana fitsari a nan,” wanda kusan kullum a lungun da ya fi kowane zarni ake samunsa. Ga mai shago da ya rataye “Ba bashi yau, sai gobe.” Ga “Ba shiga” a ƙofar gida. Kowane ɗaya yana da tarihi: wani ya taɓa yi, ko ana tsoron wani zai yi. Bambancin kawai, namu mai gida ne ya rubuta da harshen da mai laifin zai fahimta.

Kayan kamfani da ke shigo mana kuwa, dariyarsu daban take. Ba wai suna faɗin abin da kowa ya sani ba ne, a'a, suna umartar abin da ba wanda ya shirya yi. Ku duba kwalin kusan kowane magani: a ajiye a wuri mai sanyi, marar laima, kada zafi ya wuce digiri 30. A Kazaure, a watan Afrilu, inuwar bishiya ma takan haura 40. Kemis mai rufin kwano, ba wuta, ba fanka, shi zai faɗi nasa lissafin. Mai tallan magani da ke yawo da faranti a ka daga rumfa zuwa rumfa ranar kasuwa, rana na dukan ƙwayoyin tun hantsi, shi ma haka. Ku duba tankin sabon babur: akwai 'yar takarda da ta ce a sa hular kwano, a karanta littafin babur kafin a hau. Sannan ku tsaya a bakin hanyar Roni ko ta Gwiwa ku ƙirga abin da babur ɗaya ke ɗauka: direba a kan tanki, wato a kan ita takardar, fasinja uku a baya, buhun gero, da akuya a gicciye. Manyan motoci kuma an rubuta musu da Turanci cewa kaya kawai suke ɗauka, ga mutum talatin zaune a saman kayan suna shan iska.

A nan ne matsalarmu ta rabu da ta Amurka. Su can gargaɗin ya yi wa mai karatu yawa. Mu nan wanda ake bukata ba ya isowa hannun mai amfani da kayan, kuma dalilai biyu ne manya.

Na farko harshe. Ƙa'idar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993, ita ce rubutun jikin kaya ya kasance da Turanci, wanda ya ga dama ya ƙara wani harshe. Kaɗan ne ke ganin dama. A yankin Babura, inda kaya ke ƙetarowa daga Nijar ta wajen Magarya, sai a haɗu da na Faransanci, ga na Sinanci a kayan lantarki. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta haifar da hukumar FCCPC, ta ce mai saye yana da haƙƙin a ba shi bayani da harshe mai sauƙi da zai gane. Abin da ke ba ni haushi shi ne, kamfanonin nan sun iya Hausa sarai. Ku kunna kowane gidan rediyo na Kano ko Dutse ku ji: talla da Hausa tsantsa, da kiɗa, da kirari, da 'yan wasan kwaikwayo. Idan an zo wurin da za a ce wannan abu yana iya kashe ka, sai a koma Turanci da ƙananan baƙaƙe. Ko jimlar nan ta ƙarshen tallar magani, cewa idan ciwo ya wuce kwana uku a ga likita, da gudu ake karanta ta, ba a ko shan numfashi.

Na biyu awo. Mu ba mu cika sayen abu a cikin mazubinsa ba. Madarar gari daga babban buhu ake ƙulla ta a leda, buhun da bayaninsa suna can a sito, har da layin da ke cewa wannan madara ba ta dace da jarirai ba. Omo a ƙulli, man gyaɗa a kwalbar da ta taɓa zama ta lemo, fetur a galan, magani a yanko ƙwaya biyu daga kati. Taba ma haka. Shekaru da yawa kwalinta na ɗauke da gargaɗin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya cewa masu shan taba na iya mutuwa da ƙuruciya, daga 2021 kuma aka fara sa hoto mai tayar da hankali da ya cinye rabin kwalin. Dokar taba ta 2015 ta hana sayarwa kara-kara. Amma wanda ya miƙa kuɗin kara ɗaya a teburin mai shayi bai ga hoto ba, bai ga rubutu ba. Kwalin yana hannun mai tebur.

Abin da ke biyo bayan rabuwar kaya da gargaɗinsa an gan shi a Iraƙi a 1971 zuwa 1972. Gwamnati ta shigo da irin alkama da sha'ir da aka cuɗe da maganin da ke ɗauke da sinadarin makuri, don shuka kawai. An rina irin da launin ja-ja, an rubuta gargaɗi a buhu da Sifaniyanci da Turanci, an zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa. Manoman karkara ba sa karanta ko ɗaya daga harsunan, zanen bai ce musu komai ba, kuma irin ya iso wurare da yawa bayan lokacin shuka ya wuce. Suka wanke launin ya fita, suka ɗauka dafin ya tafi tare da shi, suka niƙa suka yi burodi. Alƙaluman hukuma sun nuna an kwantar da mutum 6,530 a asibiti, 459 suka mutu a can, ban da waɗanda ba su kai asibiti ba. Duk manomin da ya taɓa cuɗa irin gero ko na masara da garin maganin shuka ya san launin nan. Launin shi ne gargaɗin, kuma wanki ba ya fitar da dafin. Ragowar irin da aka cuɗe ba na tuwo ba ne, ba na kaji ba ne.

Mu ma mun ɗanɗana. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitocin Kano, wasu na fitsarin jini, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Hukumomi suka danganta abin da garin haɗa lemo da wa'adinsa ya wuce da kuma wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Matar da ta sayi ƙulli ɗaya don ta haɗa zoɓon sayarwa ba ta taɓa ganin buhun da aka ɗebo shi ba.

Wurin da ya fi cancanta mutumin yankinmu ya ɓata lokacinsa shi ne maganin feshi, domin kusan kowane gida yana da kwalba ɗaya a rataye ko a ƙarƙashin gado. An tsara kwalaben nan yadda ko wanda bai yi boko ba zai samu wani abu. A gindin takardar akwai zirin launi da hukumomin lafiya da na noma na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar a riƙa sawa. Ja na nufin mafi tsananin dafi. Rawaya na biye da shi. Shuɗi ya fi sauƙi. Kore shi ne mafi ƙarancin haɗari idan an bi ƙa'ida, amma bai zama ruwan sha ba. A cikin zirin akwai ƙananan zane-zane: safar hannu, takalmin roba, abin rufe hanci da baki, famfo da hannuwa don a yi wanka bayan feshi, akwati da kwaɗo don a kulle daga yara. Ku kwatanta da yadda ake feshin a zahiri: saurayi da singileti da silifa, tanki na ɗiga masa a baya, ya gama ya zauna ya ɓare goro ko ya sha fura bai wanke hannu ba. Idan an yi magana ya ce, “Baba, ai mun saba.” Fata kuwa tana tsotsar maganin, ba sai an sha ba.

Akwai kuma layin da kusan ba wanda ke nema: kwana nawa za a jira tsakanin feshi na ƙarshe da girbi. Kowane magani da nasa adadin, yana nan a rubuce. Mai noman rani a bakin madatsar ruwan Kazaure da ya fesa tumatir ko latas yau ya cire jibi don farashi ya yi kyau, ya sayar wa mutane maganin tare da kayan miya. Wanda bai iya karantawa ba ya tambayi mai shagon tun kafin ya biya: “Alhaji, duba mini, kwana nawa zan jira?” Idan mai shagon ma bai sani ba, ɗan makarantar da ke gida zai iya nemo lambar.

Sai Sniper da 'yan'uwansa, masu sinadarin dikulobos, wanda shi ne kuma ake tsarmawa a sayar a ƙananan kwalabe marasa suna a matsayin fiya-fiya. Maganin ƙwarin gona ne. Mu mun mai da shi na sauro a ɗaki, na kuɗin cizo a katifa, na adana wake, har an samu rahotannin waɗanda suka mutu bayan sun shafa shi a ka don kwarkwata. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan wannan sinadari a cikinsa. Waken da Bature ya ƙi, mu muka ci shi a ƙosai da alale. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna, ko da yake mai nema bai rasa ba. Ga mai son adana wake, akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ko ɗigon magani ba. Ita kuma ƙwayar da ake jefawa a buhun hatsi, wadda ake sayarwa da suna Phostoxin da makamantansa, da ta ji laima take sakin iska mai dafi. Gwangwaninta ya ce kada a yi amfani da ita a inda mutane ke kwana. A gidaje da yawa kuwa, ɗakin da buhunan suke nan yara ke shimfiɗa tabarma.

Wani gargaɗi da muke karyawa kullum shi ne na cewa kada a sake amfani da mazubi. Jarka mai kyau, mai murfi, wa zai yar? Sai a ɗauraye a zuba ruwan sha na gona, ko nono, ko man gyaɗa. Roba tana riƙe dafi, ɗauraya ba ta isa. Juyin wannan ya fi muni: kananzir ko fetur ko fiya-fiya a robar lemo. A nan takardar jikin robar ƙarya take yi kai tsaye, tana cewa a sha, kuma yaro ɗan shekara biyu ya san robar lemo da ido. Ko zanen ƙoƙon kai ba kowane yaro yake tsorata ba. A Pittsburgh ta Amurka, a 1971, wani likitan yara ya ƙirƙiro wata koriyar fuska mai yatsina don mannawa a kan guba, saboda yaran garin suna danganta ƙoƙon kai da 'yan fashin teku na tatsuniya da ƙungiyar wasan garinsu.

A kwalin magani da na abinci, 'yan haruffa kaɗan sun isa a haddace. MFG ko MFD ranar da aka yi kayan ke nan. EXP ranar da wa'adinsa ke ƙarewa. BB a kan abinci na nufin ya fi kyau a ci kafin wannan rana. Idan an rubuta 03/27, watan uku ne na 2027. Kayan Amurka sukan sa wata kafin rana, don haka 04/09 a wurinsu tara ga Afrilu ne. A duba ko an kankare kwanan watan ko an manna wata takarda a kai. A nemi lambar rajistar NAFDAC, tare da sanin cewa masu jabu ma sun iya buga lamba. Shi ya sa tun 2010 aka fito da tsarin kankare wani wuri a kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a tura lambar da ta bayyana ta saƙon waya kyauta, a samu amsa ko na gaske ne. Garin maganin yara da ake zuba wa ruwa a gida, takardarsa takan faɗi kwana nawa zai yi bayan an haɗa, sau da yawa bakwai. Ba a ajiye ragowar don ƙanensa.

Sai “haɗi.” Mutum ya dawo daga gona jiki na ciwo, ya tsaya a kemis ya ce, “Haɗa mini na ɗari biyu.” A zubo masa ƙwaya biyar masu launi daban-daban a 'yar leda, ba suna, ba kwali. Yana iya yiwuwa biyu ko uku daga ciki duk farasitamol ne a cikinsu, alhali iyakar abin da babba mai lafiya zai sha a yini giram 4 ne, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, wuce haka yana lalata hanta. Wasu kuma na dangin ibufurofen da dikulofenak ne, masu cin bangon ciki, waɗanda kwalinsu ya ce mai gyambon ciki ya kiyaye. Kwalin yana cikin kwandon shara.

Maganin gargajiya na kwalba ya fi kowa iya wasan nan. Lasifika a kan mota tana lissafo basir, sanyi, shawara, taifot, ciwon baya da raunin mazakuta, duk kwalba ɗaya. A gindin takardar kuma, da Turanci, da baƙaƙen da sai an kanne ido, an rubuta cewa NAFDAC ba ta tantance waɗannan iƙirari ba. Lambar irin wannan magani takan ƙare da harafin L, ma'ana an gwada an ga ba ya cutarwa nan take, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Mai lasifika zai ɗaga kwalbar ya ce ga lambar hukuma, kuma bai yi ƙarya ba.

Wasu gargaɗin da ke kama da wauta suna da hujja idan an bincika. Ɗan ƙunshin farar tsakuwa da ake samu a kwalin sabon takalmi ko waya, mai rubutun kada a ci, aikinsa tsotse laima. Yawancinsa ba dafi ba ne, amma ya yi kama da sukari, kuma yana shaƙe yaro. Ita ma sanarwar gyaɗa tana da tushe: dokar Turai ta tilasta a bayyana abinci iri 14 da jikin wasu mutane ba ya ɗauka, domin akwai wanda ƙwayar gyaɗa ɗaya ke toshe masa numfashi.  Janareta kuma yakan zo da zanen gida da aka soke da layi, cewa kunna shi a cikin ɗaki yana kisa cikin mintoci. Wannan ba ƙari a ciki. Iskar da ke kisan ba ta da wari, ba ta da launi, mutum barci kawai yake ji. Tsoron ɓarayi kan sa a shigar da janareta zaure ko baranda a rufe ƙofa. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu irin wannan iska yake fitarwa, shi kuwa ba kamfanin da zai manna masa takarda.

Idan tsautsayi ya riga ya faɗa, takardar tana da sauran amfani. Yaron da ya sha kananzir ko fetur, kada a sa shi amai, domin aman ne ke kai man cikin huhu. Kada a ɗura masa manja ko madara da sunan karya dafi. Ba sa karyawa, jinkiri kawai suke jawowa. Wanda maganin feshi ya zubo masa, a cire masa kayan jikinsa a wanke fatar da ruwa mai yawa da sabulu. Sannan a nufi babban asibitin Kazaure ko na Babura ko wanda ya fi kusa, a tafi da kwalbar ko gwangwanin ko ledar, ko da babu komai a ciki. Sunan kasuwa ba shi likita ke nema ba, sunan sinadarin da ke rubuce a ƙasansa yake so, domin maganin wanda ya sha dikulobos daban yake da na wanda ya sha maganin ciyawa.